Na daina biyan hayar manhajar editin na sayi DaVinci Resolve Studio, ga abun da na gani

Tun ranar da na ɗora ɗan guntun bidiyon hawan sallah ɗin nan a Facebook mutane ke ta bina da tambaya, wasu suce da wace manhaja kake gyara kala, wasu kuma kai tsaye suke cewa oga turo mana kirak ɗin mana, wato manhajar sata da aka fasa don ayi amfani da ita ba biya, to gara in zauna in rubuta abun gaba ɗaya sau ɗaya kowa ya karanta, saboda amsar bata shiga saƙo ɗaya na WhatsApp. DaVinci Resolve Studio nake amfani da ita kuma saye nayi da kuɗina, yau sama da shekara ɗaya da rabi kenan, kuma babu wanda ya biyani in yi mashi talla.

Ɗan situdiyon bidiyo gareni a Samaru ta Zariya, ni da yara biyu da suke koyon aiki a hannuna. Aikinmu dai kun san shi, biki ne yafi yawa, kamu, sa lalle, dina, buɗar kai, walima, sai saukar karatu ta islamiyyu, suna, wani lokacin ɗaliban ABU ƴan Mass Comm ko Theatre su kawo furojek ɗinsu na ƙarshen shekara, da azumi kuma mu ɗan riƙe tafsiri a wani masallaci a cikin gari. Na faɗi wannan ne don a gane irin kuɗin da ke shigo mana, domin duk maganar haya da saye a kansa take tsaye. Mu ba albashi muke ɗauka ba. Akwai watan da zaka yi biki bakwai ko takwas har ka rasa lokacin barci, kamar bayan ƙaramar sallah ko ƙarshen Disamba, akwai kuma watan da zaka share kujera kawai kana kallon masu keke suna wucewa ta titin Sokoto, musamman tsakiyar damina da cikin azumi. Ita kuwa manhajar haya bata san azumi ba bata san damina ba, ranar da wata ya cika za'a cire kuɗi, ko kayi aiki ko baka yi ba.

Abun da ya tunzura ni a Disambar 2023 ya faru. Lokacin wata manhaja nake haya, ba sai na kama sunanta ba don ba ita tayi mani laifi ba, tsarin ne haka kuma da idona biyu na shiga. Katin naira a lokacin ba'a iya biyan komai na waje da shi, bankuna da yawa sun rufe wannan ƙofar tun wajen ƙarshen 2022, to sai dai ka samu katin dala na waya ko ka roƙi wanda yake da asusun dala ya biya maka ka tura mashi naira. Ni katin waya nake lodawa, dala kuma ta haura dubu a kasuwar bayan fage, na loda abun da nake ganin ya isa ashe ya gaza da ƴan canji, biya ya ƙi shiga, ni kuma ban lura da saƙon imel ba saboda ina tsakiyar bukukuwa. An ɗan ɗaga mani ƙafa na kwanaki ban sani ba. Wani dare ina haɗa bikin wasu mutanen Tudun Wada, na gama yanka kamu da dina saura walima kawai, na rufe na tafi sallar isha'i na dawo na buɗe, sai ga allo yana ce mani in sabunta biya kafin in ci gaba. Aikin yana nan a kwamfutata, a ɗakina, wutar janareta na da na sayi mai da kuɗina, amma ba dama in taɓa shi.

Washegari da safe mahaifiyar amarya ta kira. "Ɗana, ya maganar kaset ɗin nan? Jibi fa ƴan Kano zasu koma, kuma kakarta bata samu zuwa ba shi take jira ta gani." Nace Hajiya kiyi haƙuri in Allah ya yarda gobe da yamma yana hannunki, ina faɗa amma cikina ya ɗuri ruwa don ban san ta inda zan fara ba. Sai da nayi yini guda ina bin wani abokina ɗan kasuwa a Sabon Gari da yake da asusun dala, shi kuma yana wajen ɗaurin aure a Giwa, bai samu zama ba sai bayan magariba. An biya, an buɗe, na kwana ina rendarin, wato fitar da bidiyon, na kai mata da kaina a kan mashin. Ta karɓa da fara'a har da sa albarka, amma ni tun a hanyar dawowa ta Kwangila na yanke cewa bazan sake barin abincina a hannun wani kati ba.

Su matasan da suka fara editin kwanan nan basu san cewa da ba haka abun yake ba. Da can manhaja saye ake yi kamar yadda tela ke sayen keken ɗinki, ka biya sau ɗaya ka kai shagonka, in sabon samfuri ya fito kana so ka ƙara kuɗi ka ɗauka in baka so ka ci gaba da tsohon. Adobe, kamfanin da ke yin Photoshop da Premiere, ma haka take har zuwa sigar manhajojinta ta CS6 da ta fito a 2012, sai a watan Mayun 2013 suka sanar cewa daga yanzu sabbin manhajojinsu ta Creative Cloud kawai za'a riƙa samu, wato biyan wata-wata ko shekara-shekara. Daga nan kamfanoni da yawa suka bi sahu. A wajen kamfani abun yana da ma'ana, kuɗi na shigowa kullum suna ta gyara suna ƙara abubuwa, kuma ga wanda yake Amurka yana karɓar dala, dala ashirin da ƴan kai a wata ba wani abu bane. Mu nan ne abun yake zama dutse a ka.

Bari muyi lissafin a fili. Premiere Pro, manhajar editin bidiyo ta Adobe, ita kaɗai, a farashin Amurka lokacin da na duba, dala 22.99 ce a wata in ka ɗauki tsarin shekara da ake cira wata-wata. A shekara dala 275.88 kenan. DaVinci Resolve Studio dala 295 ce sau ɗaya. Kaga a wata na 13 kuɗin haya ya riga ya wuce kuɗin saye, kuma har yanzu baka mallaki komai ba. To yanzu juya shi zuwa naira. Kafin watan Yunin 2023 da babban banki ya saki naira, farashin gwamnati wajen 460 ne, dala 22.99 bata wuce dubu goma da ɗari shida ba. Da dala ta kai 1,500 kuɗin nan ɗaya ya koma kusan dubu 34 da ɗari biyar, ko da kamfanin bai ƙara ko sisi ba, kuma ban saka kuɗin da masu katin dala ke yanka ba. Shin kai ka iya ninka kuɗin ɗaukar biki sau uku a wannan tsakanin? Ni dai ban iya ba, in ka ƙara dubu ashirin ma sai uban ango ya dube ka yace Malam ai yaron maƙwabcinmu da waya yake ɗauka kuma yana kyau. Ga mai da ya tashi tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ga data da ta ƙara kuɗi a farkon 2025. Wanda ya saya sau ɗaya tashin dala ya shafe shi rana ɗaya ne kawai, ranar da ya saya.

Akwai kuma wani abu da mutanenmu basa karantawa kafin su danna amincewa. Wancan tsarin na shekara da ake cira wata-wata, alƙawarin shekara ne ka ɗauka, in ka wuce kwana 14 na farko kace ka fasa, a ƙa'idar Adobe zaka biya rabin kuɗin watannin da suka rage. A kan wannan ne ma gwamnatin Amurka ta shigar da su ƙara a watan Yunin 2024, tana zargin ba'a bayyana wa mutane kuɗin fasawar yadda ya kamata ba. Akwai tsarin wata zalla da zaka iya tsayawa duk lokacin da kaga dama amma shi yafi tsada. Sannan ita manhajar haya dole lokaci-lokaci ta leƙa intanet ta tabbatar ka biya, ba kullum bane gaskiya, ana iya yin makonni ba'a haɗa ba, amma dai igiyar tana hannun wani. Abun da ya faru da mutanen Benezuwela a Oktoban 2019 ya daɗe yana mani yawo a kai, saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta saka wa ƙasar aka sanar za'a rufe asusun masu amfani da Adobe na can gaba ɗaya, daga baya aka samu izini aka bar su, amma ka duba masu editin da masu zane nawa ne suka kwana cikin fargaba a kan rikicin da babu ruwansu a ciki.

To ni ban tashi na sayi Studio kai tsaye ba, kuma bana ba kowa shawarar yayi haka. Resolve tana da sigar kyauta, kuma kyautar gaske ce, ba ta gwajin kwana bakwai ba, babu tambari a kan bidiyonka in dai baka taɓa kayan Studio ba, tana fitar da aiki har Ultra HD 3840 da 2160. Ita na sauke a Janairun 2024 na riƙa taɓawa a hankali, da azumi ya kama a watan Maris biki ya tsaya sai na zauna mata sosai, bayan asuba zuwa azahar kullum. Kamfanin Blackmagic Design da ke yin ta, ƴan Ostireliya ne, a 2009 suka sayi asalin kamfanin da Vinci wanda da can aikinsa gyaran kalar manyan finafinai ne kawai, suna da littattafan koyo kyauta a shafinsu har da fayilolin gwaji, da su na koya. Bayan sallah a watan Afrilu Allah ya taimake ni dala ta ɗan sauko, ga kuɗin bukukuwan bayan sallah sun shigo, na haɗa da adashin da na kwasa na saya ta hannun wani dila a Legas, aka saka mani a mota na je tasha na karɓa. Ɗan kati ne kawai da lambobi a jiki, ka shigar sau ɗaya da intanet shikenan. Akwai kuma mai dongul da ake soka wa a USB, amma ni da yara ke shiga da fita da filashi a shagon nan naga lamba tafi mani kwanciyar hankali. Lamba ɗaya tana aiki a kwamfuta biyu, na saka ɗaya a ta tebur ɗaya a laftof.

A siga ta 18.6 na saya. Ta 19 ta fito a 2024 na ɗauka ban biya komai ba, ta 20 ta fito a 2025 ita ma haka, data kawai na kashe, ita kuwa datar ba kaɗan bace don fayil ɗin gig da yawa ne, da tsakar dare nake saukewa.

Yanzu ga abun da kuɗin ya saya mani a aikace, don wannan shi ne tambayar da ta dace. Na farko mai goge ƙurar hoto. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kamu a tsakar gida a cikin birni bayan magariba, wajen Kwarbai ko Limanci inda lungu ya matse kuma ƙwai ɗaya ne ke ci a saman ƙofa, ya san yadda hoto ke fitowa da yashi-yashi kamar an watsa gero a kan fuskar mutane. Akwai wani kamu da na ɗauka, ana cikin feshin turare aka ɗauke wuta, ɗan hasken kan kyamara kawai ya rage, fuskar amarya a ƙarƙashin mayafi duk ta dagule. Da na saka mai goge ƙurar nan na Studio na ɗan ɗaga shi kaɗan-kaɗan, sai ga zanen lallen hannunta ya fito har ana ganin siraran layukan, duwatsun jikin leshin suna ƙyalli ɗaya-ɗaya. A sigar kyauta in ka saka wannan tambari yake bugawa a kan hoton. Wannan kaɗai wallahi ya isa dalilin saye ga mai aikin biki a garin nan.

Na biyu mai ware murya. A tafsirin da muke ɗauka janareta yana bayan taga ne, ga fanka, ga yara a waje, da can sai inyi ta yanke ƙasan sauti har muryar malam ta koma kamar yana magana a cikin gwangwani. Yanzu maɓalli ɗaya ne a shafin sauti da ake kira Fairlight ko ma a wajen yankan, ka kunna ka rage ƙarfinsa zuwa wajen rabi, ƙarar janareta ta koma can nesa muryar ta tsaya. Kar dai ka kai shi ƙarshe, in ka cika shi yana cinye ƙarshen kalmomi, musamman wajen jan baƙi da alaramma ke ja da madda. A wajen dina da diije ya ƙure sifika kuwa ba abun da zai iya yi, sautin da ya fashe tun wajen ɗauka ya riga ya fashe.

Na uku, wani lokacin muna haɗa aiki da masu sabbin kyamarorin Sony ko Panasonic da ke ɗauka a 10-bit, wato tsarin da ke riƙe kala da yawa, irin waɗannan fayilolin a Windows sigar kyauta bata buɗe wasunsu, sai kaji sauti babu hoto, sai ka fara juya su da wata manhaja kafin ka fara aiki, awanni sun tafi. A Studio kawai jawo su nake yi.

Amma inda zuciyata take shi ne shafin kala, kuma wannan yawancinsa har a ta kyauta akwai. Mu fatarmu baƙa ce da wankan tarwaɗa, kuma a biki ɗaya zaka ga amarya an yi mata kwalliya ta ƙara haske, ƙawayenta da anko ja ko ruwan goro, iyaye maza da farar shadda da ke ƙona hoto in rana ta buga, kuma kyamara biyu ko uku kowace da irin kalarta. Da can sai dai in jefa fenti ɗaya a kan komai in wuce, shi yasa zaka ga bidiyon biki da yawa fuskoki sun yi ruwan lemo. Yanzu ina iya zaɓar fata ita kaɗai in daidaita ta, in riƙe farar shadda kar ta ƙone, in saka hoton kyamara ta ɗaya gefe da na ta biyu in jera su har su zama kamar abu ɗaya ya ɗauka. A bidiyon hawan sallar da kuka gani, ƙurar da dawakai suka tayar a gaban fada ta sa komai ya yi fari-fari, rawunna da lifidi da jan kayan dogarai duk sun dushe, a shafin nan na dawo da su ɗaya bayan ɗaya, na kwana biyu a kan minti uku kuma ban ji asara ba.

To bari in faɗi inda zaka sha wuya, don bana son wani ya sayar da akuyarsa ya saya ya dawo yana jin haushina. Resolve tana son kwamfuta mai ƙarfi, musamman katin girafiks. Su kansu masu ita RAM 16GB suka rubuta a matsayin mafi ƙaranci, in zaka shiga Fusion, shafin rubutu mai motsi, kuma 32GB. Tsohuwar laftof ɗina ƴar gwanjo mai 8GB da ƙaramin kati bata iya ɗauka ba, kuma wannan gazawar laftof ɗin ce, ina saka mai goge ƙura take tsayawa cak fanka na ihu. Sai da na haɗa ta tebur da katin Nvidia na hannu, kuma kuɗin haɗa ta yafi kuɗin lasisin. Ta tebur kuma tana shan wuta, dole sai da inbata ko janareta, wanda ke zaune a layin da wuta ke zuwa awa huɗu a rana yayi wannan lissafin tun kafin ya fara. Akwai dabarar firoksi, wato manhajar tayi maka ƙananan kwafin bidiyon kayi yanka da su sai wajen fitarwa ta koma kan na asali, da ita laftof ɗin ke ɗan taɓa aiki yanzu, amma gyaran kala mai nauyi sai a ta tebur.

Sai koyo. Wanda hannunsa ya saba da leya a kan leya zai ɗan rikice da tsarin nod, ƴan akwatuna ne da ake haɗawa da zare, wannan ya shiga wancan. A shafin kala cikin sati biyu na saba har naga yafi sauƙi, amma Fusion inda ake yin rubutu mai motsi da su tambari, har gobe ina fama. Kuma irin tamfilet ɗin nan na katin gayyata mai motsi da sunan ango da amarya yana juyawa da furanni, waɗanda suka cika intanet, yawancinsu na After Effects, manhajar zane mai motsi ta Adobe, da Premiere ne, na Resolve akwai amma basu kai yawan waɗancan ba. Wani abu kuma da ya kamata ka sani tun ranar farko, ita bata ajiye furojek a matsayin fayil a cikin folda kamar yadda aka saba, a wani rumbu nata take tarawa, in kayi wa kwamfuta fomat baka fitar da su ba sun tafi. Ni duk aikin da na gama sai na fitar da furojek ɗin na ajiye tare da bidiyoyinsa a rumbun waje. Ka kunna Live Save kuma, duk motsin da kayi tana ajiyewa, ranar da aka ɗauke wuta inbata ya ƙi ɗauka zaka gode mani.

Maganar "har abada" ɗin ma a fahimce ta da kyau. Abun da ka saya izinin amfani ne, kuma sabbin sigogi da ake bamu kyauta al'adar kamfanin ce zuwa yanzu, su kayan ƙarfe suke sayarwa, kyamarori da ATEM, na'urar haɗa kyamarori ɗin nan da masu laif na wa'azi ke amfani da ita, da allunan kala, manhajar tana jawo masu kwastoma ne, har ma in ka sayi wasu kyamarorinsu kamar Pocket 4K da lasisin Studio suke zuwa. In wata rana suka canza shawara, sigar da ke hannuna dai tana nan tana aiki muddin kwamfutar na ɗaukarta, wannan shi ne bambancin. Wasu kamfanonin kuma in sunce saye sau ɗaya, sigar wannan shekarar kawai suke nufi, sabuwa in ta fito sai ka ƙara kuɗi, haka Vegas Pro take, wadda Sony ta sayar wa MAGIX a 2016, tana da haya tana da saye. Premiere Elements ma da aka sani da saye sau ɗaya, daga sigar 2025 lasisin shekara uku ya koma. Don haka karanta kafin ka biya. Masu Mac suna da Final Cut Pro a dala 299.99 sau ɗaya, tana da sauri sosai a kan injinansu, amma sai ka fara mallakar Mac ɗin, kuma ita ma ta iPad da ta fito a 2023 da biyan wata ta zo.

Duk da haka akwai waɗanda ni da kaina zan ce su zauna a haya. In kana karɓar aiki daga kamfanonin talla ko ƙungiyoyi na Abuja da Kaduna da suke turo maka furojek na Premiere kuma suke so ka mayar masu da shi haka, to zauna inda suke, juya furojek daga wannan manhaja zuwa waccan ta fayil ɗin XML yana kawo yanka amma rubutu da ifet da yawa basa biyowa, ka saka kuɗin hayar a cikin kuɗin aikin kawai. In rabin aikinka zane ne da Photoshop da After Effects, yadda suke haɗe da Premiere babu kamarsa, ka gyara can ya canza nan take. In ɗalibi ne kai akwai rangwamen ɗalibai, kuma gidajen talabijin da yawa Premiere zasu tambaye ka ko ka iya, don haka koyonta ba asara bane, manhaja ce mai kyau ba wanda zai ce ba haka ba. Wanda kuma aikinsa gajerun bidiyon TikTok ne a waya, CapCut ta ishe shi, sai dai ya lura abubuwa da yawa a cikinta sai mai Pro, shi ma biyan wata ne.

Saura masu cewa in turo kirak. Na san halin da ake ciki, nima da shi na fara koyo a shagon ogana shekarun baya, a filashi ake yawo da shi, ba wanda ya taɓa ce mana akwai wata hanya. Amma naga abun da yake jawowa da idona, wani abokin sana'armu a Sabon Gari ya saka wani da ya sauko da shi, kwana biyu duk fayilolinsa suka kulle aka rubuto mashi ya biya kafin a buɗe, bikin mutane uku a ciki har da wanda bai riga ya kwafa ba, ɗaurin aure kuwa ba'a maimaita shi. Na raka shi gidan ɗaya daga cikinsu bada haƙuri, bana fatan in sake ganin irin wannan zaman. Ban da wannan ma haƙƙin mutane ne, kana cin abinci da gumin wasu ba da yardarsu ba, da can muna cewa babu yadda zamu yi, yanzu kuwa ga ta halal kyauta da tafi ƙarfin aikin da yawancinmu ke yi.

Yaran shagona biyu duk a ta kyauta na fara su, a kwamfutocin gidajensu suke yanka su jera su kawo mani furojek ɗin a filashi in buɗe a Studio in goge ƙura in gyara sauti da kala in fitar, sai dai mu tabbatar sigarmu ɗaya don furojek ɗin sabuwar siga baya buɗuwa a tsohuwa. Ƙaramin cikinsu ya tambaye ni kwanaki, "Oga nima in fara tara kuɗin Studio ɗin ne?" nace a'a, fara tara na RAM da katin girafiks tukuna, ranar da aka kawo maka aikin da ta kyauta ta kasa, ranar zaka saya, kuma kuɗin wannan aikin ne zai saya maka. Wanda ke kusa kuma yana son ya ga mai goge ƙurar nan da idonsa kafin ya fitar da kuɗi, ya zo da kilif ɗinsa mafi duhu a filashi bayan la'asar mu gwada a kan tawa, banda Juma'a da Asabar don ranakun muna wajen biki.